Ciko da Ɗaure: Tarihin Gina Dirin Mace a Jikin da Aka Haifa Namiji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dabarun da mutanen da aka haifa da jikin maza suka yi amfani da su, a zamunna da ƙasashe daban-daban, wajen samar wa jikin nasu dirin mace, wato ƙirji mai tudu da ƙugu siriri da kwatangwalo mai faɗi. Batu ne da manazarta Hausa suka saba kauce masa saboda kunya. To amma kaucewar ta jawo an cakuɗa jama'a iri-iri a ƙwarya guda: ɗan wasa da ke shiga kamar mace don sana'a, da ɗan daudu, da mata-maza wanda halittarsa ta zo da alamomi biyu, da kuma wanda aka haifa namiji amma yake ɗaukar kansa mace, wato waɗanda kafofin yaɗa labarai na Hausa ke kira masu sauya jinsi. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya rarrabe su, ya faɗi abin da ya faru, ya bar hukunci ga ma'abotansa. Za a dubi matakai uku: dandalin wasa da bukin gargajiya, rayuwar yau da kullum, sa'annan lokacin da ciko ya tashi daga tufa ya shiga cikin tsoka.

2.0 Dirin Mace Kansa Abin Ginawa Ne

Kafin a je ko'ina, ya kamata a lura da cewa mata ne suka fara ciko da ɗaure, kuma abin da ake kira kyan diri bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A ƙarshen ƙarni na 15 matan fadar Sifen suka soma ɗinka zobba a cikin fatari don ya buɗe kamar lema, kuma a ƙarni na 16 yayin ya isa Ingila da Faransa, inda aka ƙara da wani gammo da ake ɗaurawa a kwatangwalo. A ƙarni na 18 sai faɗin ya koma gefe da gefe, har mace ta kan karkata kafin ta wuce ƙofa. A shekarar 1856 aka fito da keji na siraran ƙarafa mai ɗaga siket, a shekarun 1870 da 1880 kuma tudun ya koma baya, bisa mazaunai. Duk tsawon wannan lokaci akwai rigar matse ƙugu mai igiyoyi, wadda ake ƙarfafawa da wani abu mai lanƙwasa da ake cirowa daga bakin babban kifin teku, daga baya kuma da ƙarfe. A shekarun 1920 yayi ya juye, mata suka koma danne ƙirji don su fito sumul. A 1947 maɗinkin Faransa Christian Dior ya dawo da matsattsen ƙugu da cikon kwatangwalo.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, wanda aka haifa namiji kuma yake neman surar mace bai ƙirƙiro kayan aikinsa ba. Ya iske su ne a adakar matan zamaninsa, kuma dirin da yake nema shi ne wanda zamanin ya yarda da shi. Mu ma nan gida ba baƙi ba ne ga wannan: jigida tana da tsohon tarihi wajen fito da ƙugu, kuma sunan “a cuci maza” da ake kiran cikon zamani da shi ya isa shaida cewa kasuwarsa ta mata ce tun asali.

3.0 Dandalin Wasa da Bukin Gargajiya

Mataki na farko da tarihi ya adana da kyau shi ne na wasan kwaikwayo, a wuraren da aka hana mata hawa dandali. A Ingila samari ne suke fitowa a matsayin mata har zuwa 1660. Aikinsu ya zo da sauƙi, domin rigar matse ƙugu da buɗaɗɗen fatari na zamanin su ne ke zana surar, ko wane ne a ciki.

A Japan hukuma ta haramta wa mata wasan Kabuki a 1629, sai aka sami maza ƙwararru da ake kira onnagata. Fitaccensu, Yoshizawa Ayame, wanda ya rayu daga 1673 zuwa 1729, yana ganin ɗan wasa ba zai gwanance ba sai ya zauna kamar mace har a wajen dandali. Abin lura a nan shi ne, rigar kimono miƙaƙƙiyar sura take so, don haka cikon da ake yi a ƙarƙashinta na shafe lanƙwasar ƙugu ne. Matantakar tana fitowa daga sauke kafaɗu da haɗe gwiwoyi da gajeren taku. A ƙasar Sin kuwa, inda ake ɗaure ƙafafun 'yan mata don su ƙanƙance, alamar mace tana ƙafa. Wei Changsheng, wanda ya yi tashe a Beijin daga 1779, ya shahara da wasu ƙananan ƙafafun katako da ɗan wasa ke ɗaurawa ya tsaya bisa yatsunsa, a ga kamar ƙafar mace ce.

Ba sai an tsallaka teku ba. Mu da aiki ya kawo mu kudancin ƙasar nan mun san Gelede na Yarabawan Yewa da Ketu, wanda ya ratsa har Jamhuriyar Binin. Maza ne ke rawar don girmama iyaye mata da neman sanyaya ikonsu. Wanda ya fito a matsayin mace yakan ɗaura mama na sassaƙen itace, a gina masa mazaunai da katako ko sanduna, a lulluɓe da zannuwa da ɗankwalaye. Henry da Margaret Drewal sun yi cikakken nazari a kansa a 1983, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 2001. Ibo ma suna da dodon 'yan mata, agbogho mmuo, wanda samari ke sawa da matsattsun kaya masu ado da ƙirji. A duk waɗannan misalai kowa ya san namiji ne a ciki. Ana ƙara gishiri a cikon da gangan don a gan shi daga nesa, kuma in an tashi daga wasa sai a tuɓe.

4.0 Daga Dandali Zuwa Titi

Mataki na biyu ya sha bamban, domin wanda zai yi rayuwarsa ta kullum a matsayin mace yana bukatar cikon da ba za a gane ba. Sanannen misali shi ne Chevalier d'Éon, sojan Faransa kuma jami'in jakadanci da aka haifa a 1728. A 1777, bisa sharaɗin Sarki Luwi na 16, ya koma sa tufafin mata, kuma Rose Bertin, maɗinkiyar sarauniya, ita ta shirya kayan. Haka ya zauna har mutuwarsa a Landan a 1810, inda likitoci suka duba gawar suka sami halittar namiji. Tufafin zamanin sun rufa asirin fiye da shekara 30.

A ƙarni na 19 doka ta shigo ciki. Birnin Kolumbus na jihar Ohayo a Amurka ya hana fita cikin tufafin wani jinsi a 1848, birane da dama suka bi sahu. Daga nan iya ciko ya zama batun tsira, domin wanda aka gane yana iya kwana a hannun 'yan sanda. A Jamus likita Magnus Hirschfeld ya wallafa littafi a kan irin waɗannan mutane a 1910, ya buɗe cibiyar bincike a Balin a 1919, kuma da shaidarsa 'yan sanda suka riƙa bai wa wasu takardar izinin sa tufafin da suka zaɓa. 'Yan Nazi suka wawashe cibiyar suka ƙone littattafanta a 1933.

A unguwar Halem ta Niyok, bukukuwan rawa da gasar shiga sun yi tashe a shekarun 1920 da 1930, kuma al'adar ta ci gaba a hannun baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, kamar yadda fim ɗin Jennie Livingston na 1990 ya nuna. Ɗaya daga cikin ma'aunan gasar shi ne mutum ya iya wucewa a titi ba a gane shi ba. Da yake yawancinsu talakawa ne, dabarun na talaka ne. Akan yanko soso daga katifa ko kujera, a sassaƙe shi da almakashi ya yi kauri a tsakiya ya sirance a gefe, a ɗora daga kwatangwalo zuwa cinya, sa'annan a sa dogayen safa masu roba ninki-ninki don su ɓatar da bakin soson. Ƙirji kuwa akan ƙulla shinkafa ko tsabar abincin tsuntsu a cikin safa, saboda tana da nauyi tana kuma motsi. Hikimar a lissafi take: tunda ba a iya rage faɗin kafaɗa, sai a faɗaɗa kwatangwalo ya yi daidai da ita, ƙugu ya fito siriri a tsakaninsu.

5.0 Daga Tufa Zuwa Tsoka

Mataki na uku ya zo da likitanci. A 1952 labarin Christine Jorgensen, tsohon sojan Amurka da aka yi wa magani da tiyata a Danmak, ya cika jaridun duniya. Sinadarin istirojin yana fito da mama, yana kuma karkata kitse zuwa cinya da mazaunai a cikin 'yan shekaru, amma ba ya sake ƙirar ƙashin kafaɗa da na ƙugu bayan girma ya kammala. Wannan ne dalilin da ya sa ciko bai mutu ba ko bayan zuwan magani. A 1962 likitoci biyu a Hustan, Cronin da Gerow, suka fara dasa jakar silikon a ƙirji, daga baya kuma cikon silikon da ake liƙawa daga waje ya maye gurbin soso ga mai hali.

Ga marar hali sai aka buɗe wata hanya mai halaka. Masanin al'adu Don Kulick, a littafinsa na 1998 kan birnin Salbado na Barazil, ya bayyana yadda wasu da ba likitoci ba suke ɗura wa masu neman diri silikon na masana'anta, lita-lita, da allurar dabbobi, a cikin ɗakunan haya. Ruwan ba ya zama inda aka sa shi. Yakan gangara ƙafa, ya daskare ya zama ƙulli, ya jawo gyambo, in kuma ya shiga jijiya ya toshe huhu sai mutuwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan allura a 2017. Soso da shinkafa ana cire su da dare, amma wannan ko likita da wuya ya kwashe shi duka.

6.0 Ina Matsayin Ƙasar Hausa?

Kuskure ne a ɗauki 'yan daudu a jera su kai tsaye cikin wannan tarihi. Binciken Rudolf Gaudio, wanda ya yi a Kano a shekarun 1990 ya kuma wallafa a 2009, ya tabbatar da abin da kowane Bahaushe ya sani: matantakar ɗan daudu tana harshe da karairaya da habaici da ɗaurin zane da sana'ar tuwo da suyar kaji. Da yawansu suna aure suna haihuwa, ba kuma sa da'awar cewa su mata ne. A nan sun fi kusa da onnagata na Japan, inda motsi ya fi tudu muhimmanci, kuma babbar riga da zane ba sa bayyana sura yadda matsattsun kayan Turai ke yi.

Ta fuskar addini, hani ga namiji ya yi kama da mace sananne ne a hadisi, kuma shi ne ra'ayin jama'a. Duk da haka malaman fiƙihu ba su cakuɗa ba. Sun ware babi ga hunsa, wato mata-maza, a gado da sahun salla, kuma Imam Nawawi ya bambance wanda laushin ɗabi'arsa halitta ce da wanda ya ƙirƙira. A Iran an ba da fatawar halatta tiyata a shekarun 1980, mafi yawan malaman Sunna kuwa sun taƙaita ta ga mata-maza. A ɓangaren likitoci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019. Saɓanin yana nan, kuma wannan maƙala ba ta zo warware shi ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ciko da ɗaure sun fara a hannun mata, 'yan wasa suka ara don a gan su, masu sauya jinsi suka ara don kada a gane su, sa'annan talauci da sirri suka tura wasu ga allurar da ba ta fita. Abu biyu ya rage a wuyan manazarta Hausa. Na farko shi ne daidaita kalmomi, domin kiran kowa da kowa mata-maza zalunci ne ga jaririn da aka haifa da alamomi biyu, wanda bai zaɓi komai ba. Na biyu ya shafi lafiya. Kasuwar ciko da magungunan ƙarin mazaunai ta cika garuruwanmu, kuma 'yan matanmu su ne manyan masu saye. Abin da ya faru a ɗakunan Salbado zai iya faruwa a nan, kuma ya kamata a rubuta shi da Hausa tun kafin allurar ta zama yayi.