Lambar shasi: yadda masana'anta ke bin sawun kowace mota

Mai motar haya tsakanin Gabi da Maraɗi ba ya kula da lambar shasi sai ranar yin takardu, ko in 'yan duwan sun tare shi. A masana'anta kuwa, wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce sunan motar tun tana ƙarfe tsura.

Da ita manhajar kwamfuta ke tsara layin aiki: wace mota za ta fara shiga fenti, wace za ta biyo, wane inji da waɗanne kujeru za su iske ta a kan lokaci. Toyota ce ta shahara da wannan dabara a Japan, kuma da 'yan katuna ta fara, tun kwamfuta ba ta shigo ba. Manhajar tana kuma rubuta ƙarfin da aka ɗaure muhimman noti da shi. In guda bai kai ba, motar ba ta wucewa.

Ana haɗa mota a Kaduna, inda Peugeot ta fara aiki a 1975.

Ga mai sayen tsohuwar mota daga Kwatano, ga abin lura. Haruffan farko suna faɗin asali: J Japan ce, VF3 Peugeot ce. Kuma da aka gano jakar iska ta kamfanin Takata na fashewa tana watsa ƙarfe, da lambar shasi aka nemo miliyoyin motoci. Kamfanoni da yawa suna da shafin intanet na duba lambar kyauta.