Yadda Gudun Dare Mai Dogon Zango Ya Zama Hanyar Tara Gudunmawa

Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafin rana a Kuseri ta Kamaru kan haura digiri 40, kuma duk mai aikin ƙarfi a garin ya san cewa ko dai ya yi sammako ko ya jira bayan magariba. Shi ya sa labarin mutanen da ke kwana suna gudun kilomita 80 ko 100 a tsakiyar bazara don tara wa marasa lafiya kuɗi bai kamata ya zama mana abin al'ajabi ba. Tsere ne da ya zarce kilomita 42.195 na gudun fanfalaki, ya haɗa nisa da dare da taimako, alhali kowane ɗaya da hanyar da ya biyo. Tarihin haɗuwarsu na nuna cewa wannan tsari ya fi dacewa da gari irin namu fiye da ƙasashen da suka ƙirƙiro shi.

Asalin abin caca ne. A 1809, a Newmarket ta Ingila, Kyaftin Robert Barclay ya ci fare bayan ya taka mil ɗaya a kowace awa har awa 1,000 a jere, wato kusan sati shida ba barcin kirki, jama'a na tururuwa suna zuba kuɗi a kan zai kai ko zai faɗi. Tun daga nan aka gane cewa mutane kan buɗe aljihu idan suka ga wani yana wahala a gabansu da son ransa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya manufar ta sauya. Wani tsohon soja, Vic Clapham, ya kafa tseren Comrades a Afirka ta Kudu a 1921, tsakanin Pietermaritzburg da Durban, kusan kilomita 90, don tunawa da abokansa da suka mutu a fagen daga. Mutum 34 suka fara, kuma har yau ana yin sa.

Taimakon marasa lafiya ya shigo da ƙarfinsa ne a 1980, ta hannun wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafar dama. Da ƙafar roba ya tashi daga St. John's ranar 12 ga Afrilu, yana cin kusan kilomita 40 kullum, har ya yi kilomita 5,373 cikin kwana 143 kafin cutar ta kama huhunsa ta tsayar da shi kusa da Thunder Bay. Ya rasu a 1981 yana ɗan shekara 22. Amma wanda ya fi kusa da batunmu shi ne wani likitan tiyata a Tacoma ta Amurka, Gordon Klatt. A watan Mayun 1985 ya shiga filin wasan wata jami'a, ya yi awa 24 yana zagaya shi, gudu da tafiya, rana da dare, ya haɗa sama da kilomita 130. Dabararsa ce abin lura: duk wanda yake son ya raka shi na rabin awa sai ya biya dala 25. Haka abokai da 'yan uwan majinyata suka riƙa karɓa-karɓa har gari ya waye, aka tashi da dala 27,000 don yaƙi da ciwon daji. Ba a rufe titi ba, ba a ɗauko zakara daga wata ƙasa ba. Daga wannan dare aka samu taron Relay For Life da ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Shi kuwa dare, zafi ne ya tilasta shi. Tseren Badwater na kilomita 217, wanda ake yi a watan Yuli a Kwarin Mutuwa na Kalifoniya, ya koma tashin dare tun 2015 bayan hukumar da ke kula da kwarin ta sake duba lafiyar masu shiga. Madugan ayarin da suka ratsa Sahara da Borno sun riga su sanin wannan da ɗaruruwan shekaru, domin a bazara da dare suke cin zango, su yada kaya idan rana ta take. Mai ja da wannan magana zai kawo Doha, kuma yana da hujja. A gasar duniya ta 2019 da aka yi a can an saki mata 'yan gudun fanfalaki da tsakar dare, duk da haka 28 cikin 68 suka kasa ƙarasawa, wasu a keken marasa lafiya aka fitar da su. Sai dai abin da ya kayar da su shi ne gumi: iskar bakin teku ta cika da laima, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Iskar Kuseri a Maris busasshiya ce, zufa na tashi nan take, haɗarinta shi ne ƙishirwa, ita kuma ruwa da gishiri da likita a kusa ke maganinta. Idan hadari ya fara haɗowa a ƙarshen Mayu, lissafin ya canza, kuma mai shiri na gari sai ya kauce wa lokacin.

Kamaru ba baƙuwar tseren wahala ba ce. Tun 1973 ake hawa Dutsen Kamaru a guje daga Buea, a sauko, kusan kilomita 38, kuma Sarah Etonge ta ci shi sau bakwai har aka yi mata laƙabi da sarauniyar dutsen. A ƙetaren kogi ma, Chadi ta fara tseren Treg na kilomita 180 a duwatsun Ennedi a 2014. Na farkon bikin ƙasa ne na kudu, na biyun kuma baƙi masu kuɗin jirgi ya fi ja.

Akwai ƙorafin da ya fi na zafi nauyi a wurinmu. Mai hankali zai ce sadaka a ɓoye ta fi lada, kuma wanda ke da dubu goma ya kai wa mabukaci ba sai wani ya kwana yana haki ba. Gaskiya ne game da sadakar mutum ɗaya. Amma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, Bahaushe bai taɓa yin sa a ɓoye ba. Gayya ake kira, a zo da makaɗi, samari su yi ta gasar kunya a gonar dattijo ko ta gwauruwa, kuma ba wanda ya ce riya ce. Gudun Klatt gayya ce da aka mayar filin wasa, amfaninta shi ne ta fito da ɗari biyar ɗin da ba za ta taɓa fitowa ba in ba a taru ba. Inda ƙorafin ke da ƙarfi shi ne wajen kashe kuɗi: idan riguna da lasifika da abincin manyan baƙi suka cinye abin da aka tara, an yi biki ne kawai. Dole a karanta lissafi a bainar jama'a, abin da ya shigo da inda ya tafi.

Saura tsaro. Ba mai hankalin da zai saki 'yan gudu da dare a hanyar Kuseri zuwa Marwa ta Dabanga da Waza da Mora, hanyar da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da ita a Fabrairun 2013, kuma ko a Buea abubuwan fashewa sun raunata 'yan tsere a 2023. Amma tsarin 1985 bai buƙatar hanya. Fili mai katanga da ƙofa ɗaya da fitilu ya isa, kuma Garwa tana da filin wasa na Roumdé Adjia da ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a 2022. Buƙata kuwa a fili take: rikicin da ya ɓarke a yankin a Disambar 2021 ya tura dubban mutane ƙetaren kogi zuwa Chadi, ambaliyar Logone ta 2022 da ta 2024 ta raba unguwanni da gidajensu. Ƙungiyoyin samarin Kuseri da Garwa, da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti, su zaɓi dare ɗaya a watan Maris da ba na azumi ba, su sa wa kowane zagaye farashi, su kuma faɗi tun kafin a fara wace rijiya ko wane ɗakin haihuwa kuɗin zai gyara.