Littafin Shirin Darasi a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Tun da aka fito da manhajar ChatGPT a watan Nuwambar 2022, yawancin muhawarar da ake yi kan ƙirƙirarriyar basira a makarantu a kan ɗalibi ta tsaya: zai saci amsa, zai daina tunani. Wannan fargabar ce ta sa hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York ta toshe manhajar a Janairun 2023, kafin ta janye a watan Mayu. Amma a makarantunmu na gwamnati ɗalibi ba shi da kwamfuta, wani ma ko benci bai samu ba. Mai babbar waya malami ne. Ta aljihunsa fasahar ta shigo, kuma inda ta fara sauka shi ne littafin shirin darasi. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne amfanin na'urar ba ya wuce iyakar abin da malami ya sani, don haka duk tsarin da ya auna takardar da malami ya miƙa, bai auna abin da ke kansa ba, zai yaudari kansa fiye da yadda yake yi a da.

Dole a fara da yi wa malami adalci. Mutum ne da ke riƙe da aji mai yara tamanin ko fiye, yana koyar da darussa uku ko huɗu, albashi bai kai shi ƙarshen wata, ga hedimasta na jiran littafin shiri kowace safiyar Litinin don ya sa hannu. Aikin da kan ci masa daren Lahadi, waya na gama shi kafin shayi ya huce. Wanda ya ce kada ya taɓa ta bai taɓa riƙe alli ba. Ga shirya tambayoyin gwaji, da sauƙaƙa dogon nassi na Turanci, da samo misalan lissafi iri-iri, taimakonta na gaske ne.

A wani zagayen duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji na shiga aji huɗu a wata firamare da ke bayan gari. Ɗalibar da ke koyar da ajin ta miƙo mini littafinta, shiri tsaf: manufa, kayan aiki, gabatarwa, matakai, auna fahimta, babu inda za ka sa jan biro. Darasin kan yanayin shekara ne. Sai na ji tana karanta wa yara cewa da kaka ganyen bishiya ke yin ja ya zube, da hunturu kuma ƙanƙara ke rufe ƙasa. Wani yaro a bayan aji, wanda da ganin ƙafarsa ka san daga gona ya biyo, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai da kaka ake yankan gero." Ta dubi littafin, ta dube shi, ta ce ya zauna. Bayan an tashi na tambaye ta, ba ta ɓoye mini ba: waya ce ta rubuta, ita ta kwafa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ta san bazara da damina da kaka da rani sarai, a cikinsu ta girma. Amma rubutun ya zo mata da kwarjinin littafi, sai ta fifita shi a kan abin da idonta ya gani.

Dalilin kuskuren a fili yake. Waɗannan manhajoji daga tarin rubuce-rubuce suka koyi jera kalmomi, mafi yawansu na Turanci ne kuma daga ƙasashen sanyi. Idan ba a faɗa musu inda ake ba, sai su ɗauko yanayin inda rubutun ya fi yawa, su sa masa rigar Hausa. Kuma da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure. Sai dai asarar da ta fi wannan girma tana wani wajen. Ba don hedimasta aka ƙirƙiro shirin darasi ba. Lokacin rubuta shi ne malami ke koyar da kansa: ina yara za su rikice, wane misali zan kawo daga kasuwarmu, me zan ce idan aka tambaye ni kaza. Idan na'ura ta ɗauke rubutun, tunanin ma ta tafi da shi, sai fa idan malami ya zauna ya yi gardama da abin da ta ba shi.

Masu goyon bayan fasahar sukan kafa hujja da gwajin jihar Edo, kuma hujja ce mai nauyi. A watannin Yuni da Yulin 2024, tare da Bankin Duniya, an shirya wa ɗaliban ajin farko na babbar sakandare a makarantun gwamnati na birnin Benin darasin Turanci bayan an tashi, na tsawon mako shida, da manhajar Microsoft Copilot. Masu binciken sun ce ci gaban da aka samu ya kusa kai na shekara biyu na karatun da aka saba. To amma a duba yadda aka yi. Ɗalibai bibbiyu suke zama a kwamfuta, malami ne ke buɗe darasi, umarnin da ake ba manhajar an tsara shi bisa manhajar karatu, kuma malamai na zagayawa suna taimaka wa yara gano inda na'urar ta yi shaci-faɗi. Sannan waɗanda aka gwada su da su ba su samu wannan ƙarin darasi ba, don haka ba a iya raba tasirin na'ura da tasirin ƙarin lokaci a gaban malami mai lura. Gwajin ya nuna abin da malami da na'ura ke iya yi tare a cikin tsari. Bai ce komai ba game da malamin da ke kwafa shi kaɗai da tsakar dare.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba zan raina ba. Wani zai ce malamin da bai san darasinsa ba gara ya karanta na na'ura, ko da kuskure ɗaya cikin goma, da ya koyar da nasa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun kasa cin jarrabawa ta matakin aji huɗu, duk da ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka yi ta. Matsalar ƙarancin sani gaskiya ce. Amma wannan malamin shi ne wanda ba zai gane kuskure na goman ba, kuma shi ne wanda littafinsa mai kyau zai ɓoye rauninsa daga masu duba makarantu. A da rubutunsa kan tona shi, a tura shi bita. Yanzu wannan alamar ta ɓace.

Sayo kayan aiki ba zai rufe wannan giɓi ba. Koriya ta Kudu, da wutarta da intanet ɗinta, ta shigar da littattafan karatu masu ƙirƙirarriyar basira a Maris 2025, zuwa Agusta majalisa ta sauke su daga matsayin littafin karatu bayan koke-koken malamai da iyaye. Gyaran da ke hannunmu bai kai wannan tsada ba. Mai duba makaranta ya rage lokacin da yake yi a ofis yana buga hatimi, ya shiga aji ya zauna, tunda gani ya kori ji. Kwalejojin ilimi kuma, maimakon hana ɗalibai amfani da manhajar, su mai da tantance ta darasi. Na gwada hakan da ɗalibar nan mai darasin yanayin shekara. Na ce ta sake neman shirin, ta faɗa wa manhajar garin da take, da yawan yaranta, da cewa ba ta da komai sai allo da alli, sannan ta bi shi da jan biro layi-layi. Ta soke abu huɗu, ta ƙara zangarniyar gero da damin dawa a jerin kayan aiki. Da na koma mako biyu bayan haka, yaron nan ne ta tsayar a gaban allo yana lissafa wa 'yan ajinsu abin da ake yi a gona daga saukar ruwan farko zuwa shigar hatsi rumbu.