Uba da Raino a Bakin Bahaushe: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Kwanakin baya na raka wani maƙwabcina asibiti ranar allurar rigakafi. Maiɗakinsa na kwance ba lafiya, sai ya saɓa jaririyarsu a kafaɗa muka tafi. Kafin layi ya zo kanmu, mata uku sun yi masa tambaya iri ɗaya: "Malam, ina uwarta? Lafiya dai ko?" Wani dattijo kuma ya dube shi ya ce, "Yau kai aka bar wa raino ke nan?" Babu wanda ya yi nufin cin fuska a cikinsu. Amma da muka kamo hanyar gida sai maƙwabcin nan ya ce mini, "Ka ji fa, Malam. 'Yata ce, amma kowa gani yake kamar aro na yi."

Wannan magana ita ce mafarin wannan maƙala. Manufarta ita ce duba yadda harshenmu na yau da kullum ya raba wa uwa da uba aiki game da ƙaramin yaro, da inda rabon ya samo asali, da kuma abin da ya kamata marubuci ya lura da shi.

Kalmomin Uwa da Kalmomin Uba

Mai karatu ya jera kalmomin da suka shafi kula da jariri: goyo, raino, shayarwa, rarrashi, ɗure, yaye. Duk wadda ya ɗauka zai tarar hoton mace ne ke zuwa masa a zuci. Muna da uwar goyo, muna da 'yar raino, amma kunne bai saba da "uban goyo" ba. In namiji ya yi aikin, sai mu ce yana taya matarsa raino, alhali ba a taɓa cewa uwa tana taya mijinta rainon ɗansu. Wanda ake tayawa shi ne mai aikin, mai tayawa kuwa alfarma ya yi. In ya cika yi, akwai laƙabin da ke jiransa a majalisa: mijin-ta-ce.

Idan aka koma kan kalmar "uba", sai a ga inda Bahaushe ya ara ta ya kai. Akwai ubangida, da uban ƙasa, da uban tafiya, da sarautu irin su Ubandawaki da Ubandoma. Duk iko ne da jagoranci. Ita kuwa "uwa" an kai ta wurin da abu ke fitowa ko yake samun mafaka: uwar kuɗi, uwar ƙungiya, uwar ɗaki. Karin magana ma ya bi sahu. In ana yabo sai a ce kyan ɗa ya gaji ubansa. In ana ƙorafi sai a ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa.

Daga Goyon Ciki Zuwa Yaye

Kalmomin nan ba daga sama suka faɗo ba, tsarin rayuwa ne ya haife su. A al'adar da, idan mace ta sami cikin fari, yakan tsufa ne a gidan iyayenta, abin da ake kira goyon ciki. A can za ta haihu, ta yi wankan jego na kwana 40 ko fiye, a hannun ungozoma da tsofaffin mata. Shi kuwa angon ƙarni an yanka masa nasa aikin: ya yi wa jariri huɗuba a kunne, ya sayo itacen wanka da kayan ƙauri, ya kawo goro da ragon suna a rana ta bakwai, ya sallami wanzami. Ban da huɗubar, duk hidimar aljihu ce. Bayan kamar shekara biyu, in lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro.

Daɗin daɗawa ga kunyar ɗan fari. Iyaye ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma riƙonsa ake bai wa wani a dangi. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A cikinsa ta yi bayanin wannan kunya da al'adar riƙo, kuma ita kanta ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'yan dangi. Abin lura a nan shi ne, a irin wannan tsari nesantar uba da jaririnsa ladabi ce da kawaici. Wanda ya rungume ɗansa na fari a bainar jama'a shi ake gani marar ta-ido.

Ginin gida ma ya taimaka. Cikin gida na mata da yara ne, zaure da ƙofar gida na maigida da baƙinsa. Da dare tsofaffin mata ke yi wa yara tatsuniya, su ke rera waƙoƙin rarrashi. Saboda haka harshen da yaro ya fara ji, a bakin mata ya ji shi.

Rabon Uba a Da

Kuskure ne a ɗauka cewa uban da ba ruwansa da ɗansa. Nasa rabon yana zuwa ne daga baya. Da zarar yaro ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, an yi masa kaciya, sai ya fita daga ɗakin uwa ya koma gefen uba. Manomi ya tafi da shi gandu, maƙeri ya zaunar da shi bakin zuga-zugi, masaƙi ya koya masa zare, malami ya rubuta masa allo, falke ya ɗora masa ɗan ƙunshi. Wuni guda suna tare, shekara da shekaru. A nan ne karin maganar gadon uba ya sami ma'anarsa ta asali, domin gadon sana'a ne da hali, kuma ba a samunsa sai da zama tare. Bahaushe bai kira wannan raino ba, ya kira shi horo ko tarbiyya, amma kulawa ce ta hannu da hannu. Ita 'ya mace kuwa a hannun uwa take zama har ranar aure.

Abin da Zamani ya Sauya

Zuwan Turawa ya girgiza wannan tsari. Haraji ya koma na kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, haƙar kuza a Jos ta ja dubban maza, cin rani ya ƙaru. Uba ya shiga yin watanni ba ya gida. Sannu a hankali gandu ya fara watsewa, kamar yadda Polly Hill ta nazarta a Batagarawa cikin littafinta na 1972. Aikin albashi ya zo, kuma ba a zuwa ofis ko masana'anta da ɗa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara da yawa suka koma hannun malaman makaranta da safe, 'yan mata masu goyon ƙanne ma wasunsu suka shiga aji.

Sakamakon haka shi ne, rabon uba na da ya zube, ba a kuwa ba shi sabo ba. Abin da ya rage masa a bakin jama'a shi ne kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan Salla, sai kuma tsawa. Uwa takan ce, "Bari babanka ya dawo," yaro ya shiga taitayinsa. Uban kirki a yau shi ne wanda "bai rage su da komai ba", kuma kowa ya san ci da sha da sutura ake nufi.

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da bai wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Har yanzu bakinmu bai zauna a kan sunan wannan hutu ba. In an ce "hutun haihuwa na maza" sai a yi dariya, domin harshen bai tanadi gurbin abin da namiji zai zauna ya yi a kwanakin ba.

Matsayin Addini

Wasu sukan jingina wannan rabo ga addini, saboda haka ya kamata a tantance. Gaskiya ne aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara biyu ga uwa, ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bai wa uwa haƙƙin riƙon yaro bayan rabuwar aure. Sai dai al'ada takan saɓa, a ce ɗa na uba ne, a karɓe shi bayan yaye a miƙa wa kaka ko kishiyar uwa; wanda ya bi uwarsa gidan wani kuwa a kira shi agola. Mallaka ta uba, wahala ta wata mace.

Amma babu inda aka hana uba ɗaukar ɗansa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka nuna masa cewa wannan rashin jinƙai ne. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ilimin 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) shaida ne a kan abin da ya aikata a gidansa.

Uba a Adabinmu

Adabi ya ɗauki hoton kamar yadda ya same shi. A labarin Bayajida, ya bar matarsa da ciki a Garun Gabas ya ci gaba da tafiya. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), uwa ce ta ƙetare hamada neman ɗanta. A littafi na farko na Magana Jari Ce, Sarki Abdurrahman yana matuƙar son Musa, amma da ya fita yaƙi aku ne ya zauna da yaron yana ba shi labarai. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Uba mai tafiya, uba mai iko, uba mai sakaci, duk mun rubuta su. Wanda ya yi ƙaranci shi ne uban da ya kwana zaune da yaro mai zazzaɓi, alhali kowannenmu ya san irinsa a unguwarsu.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In haka ne, uban da ya jira sai ɗa ya yi wayo kafin ya matso kusa, a zamanin da babu gandu babu maƙera, yana iya tarar da iccen ya bushe. Ba aikin marubuci ba ne ya yi wa harshe doka, amma aikinsa ne ya san nauyin kalmar da ya ɗora a takarda. Kafin ɗan'uwa marubuci ya rubuta cewa tauraronsa ya taya matarsa raino, ya tsaya ya tambayi kansa ko ɗan na wane ne. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyinsu, amin.