Yadda Fim Ya Koma Kan Kanta Kamar Littafi

Ranar 29 ga Satumba, 2023, kamfanin Netflix ya aika da jan ambulan ɗinsa na ƙarshe ta gidan waya. Yaran yanzu sun san shi da haska fim ta intanet, amma sana'arsa ta fari ita ce ba da hayar faifan DVD, kuma ya shafe shekara 25 yana yi, ya aika faifai sama da biliyan biyar. Da aka shiga 2024, kantunan Best Buy na Amurka suka kwashe faya-fayan fim daga kantocinsu. 'Yan jarida suka yi wa faifai jana'iza, har da ta'aziyya. Sai dai a tsakanin waɗannan abubuwa biyu, cikin Nuwamban 2023, faifan 4K na fim ɗin Oppenheimer ya ƙare ƙarƙaf a kasuwa cikin 'yan kwanaki, dole kamfanin Universal ya sake bugowa. Masu tara faifai suka samu abin faɗa. HBO Max a 2022 da Disney+ a 2023 sun wayi gari sun cire fina-finai daga dandalinsu don rage kashe kuɗi, su kuwa abin da ke kan kantar ɗakinsu ba mai ɗauke musu shi da tsakar dare.

Wannan gardama ta tayar da tsohuwar tambaya: yaushe ne mai kallo ya koma mai tarawa?

Farkon labarin a gurguje ne. Kamfanin Pathé na Faransa ya fito da ƙaramin majigin gida a 1912, Kodak ya kawo zaren fim mai faɗin milimita 16 a 1923, ya biyo da mai milimita 8 a 1932. Wasu kamfanoni irin su Castle da Blackhawk suka riƙa sayar wa magidanta guntayen fina-finai. Su kuwa manyan kamfanonin Hollywood, fim a wurinsu kamar tumatir ne, ya ci kasuwar makonsa ya wuce. Zaren wancan zamani kuma mai kama wuta ne, rumbun Fox ya ƙone a 1937, na MGM a 1965. Binciken da Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar marasa magana sun salwanta gaba ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira, a gidajen masu tarawa aka same su, mutanen da doka ke yi wa kallon ɓarayi. A Disambar 1974 jami'an FBI suka dirar wa gidan ɗan wasa Roddy McDowall, suka kwashe zaren fim kusan 160 da kaset fiye da dubu.

Daga nan sai kaset. Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. A 1977 wani ɗan kasuwa a jihar Michigan, Andre Blay, ya sayi izinin buga fina-finai 50 na kamfanin 20th Century Fox a kaset, kafin shekarar ta ƙare kuma George Atkinson ya buɗe shagon haya a Los Angeles. Universal da Disney suka maka Sony a kotu tun 1976, suna cewa na'urar kayan sata ce. Shugaban ƙungiyar kamfanonin fim, Jack Valenti, ya je gaban majalisa a 1982 ya kwatanta ta da wani shahararren makashin mata na birnin Boston. Ranar 17 ga Janairu, 1984, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da ƙuri'a biyar da huɗu cewa ɗaukar shiri a gida don a kalla daga baya ba laifi ba ne. Ƙuri'a ɗaya tal ta raba gardamar, kuma ba a yi shekaru da yawa ba Hollywood ta fi samun kuɗi daga bidiyon gida a kan tikitin silima.

Yawancin masu ba da wannan tarihi a nan suke tsayawa, su ce kaset ne ya haifi mai tarawa. Maganar tana da kama da gaskiya, amma ba ta cika ba. Kaset ɗin fim a farkon shekarun 1980 yakan kai dala 80, domin shagon haya aka yi wa farashin. Abin da kaset ya haifa shi ne ɗan haya, mai karɓa yau ya mayar gobe, a ci shi tara idan bai tariyo ba. Ko da Paramount ya karya farashi, ya sayar da Star Trek II a kan dala 39.95 a 1982, Top Gun kuma dala 26.95 a 1987 da tallan Pepsi a gaba, sabbin fina-finai masu tashe ne suka amfana. Tsohon fim kuwa wulaƙanci ya sha. Tun 1953 silima ta koma faffaɗan allo, akwatin talabijin kuma kusan murabba'i ne, sai masu buga kaset suka riƙa datse gefe da gefe don hoto ya cika akwati. Fim kamar Lawrence of Arabia na 1962 yakan rasa kusan rabin hotonsa, mutum biyu na magana amma ɗaya ake gani, ko hancin wannan da ƙeyar wancan. Ga shi kuma duk kallo ɗaya zaren yana ƙara gajiya, wata rana injin ya tauna shi. Abin da ke lalacewa a hannunka ba ya sa ka sha'awar jera shi.

Wasu kuma sun ce DVD ne, saboda araha. Shi ma bai isa ba. DVD ya yaɗa al'adar ne, amma ya tarar da ita a shirye.

A ganin mai wannan rubutu, an haifi mai tarawa irin na yau a 1984, a kan wani faifai da kasuwa ta ƙi. LaserDisc ya fito a Atlanta a Disambar 1978 da fim ɗin Jaws. Faɗinsa santimita 30, kamar faifan garmaho, gefe ɗaya yana ɗaukar minti 30 ko 60, sai mai kallo ya tashi ya juya. Ga tsada, ga shi ba ya ɗaukar shirin talabijin. Talaka bai waiwaye shi ba. Amma yana da abubuwa biyu da kaset ba shi da su: haske ne ke karanta shi, don haka kallo ba ya cinye shi, kuma yana da hanyar sauti guda biyu. Robert Stein da Aleen Stein da Joe Medjuck suka kafa kamfanin Criterion a kansa, suka fara da Citizen Kane na 1941, sai King Kong na 1933.

A kan King Kong ne aka yi abin da ya sauya komai. Tsohon fim hanyar sauti ɗaya yake buƙata, ɗayar tana zaune a banza. Sai aka zaunar da Ronald Haver, masanin fim na gidan tarihin zane-zane na Los Angeles, aka naɗi muryarsa yana bayani daga farkon fim har ƙarshe: yadda aka motsa ɗan mutum-mutumin biri hoto bayan hoto, yadda aka haɗa shi da mutane na gaske. Mai kallo ya danna maɓalli ya ji fim, ya sake dannawa ya ji malami. Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu ya san wannan tsari. Akwai Risala tsura, akwai kuma Risala da Samaruddani, matani a sama, sharhi a ƙasa, kuma ɗalibin da ya ɗanɗana mai sharhi ba ya komawa wa tsura. Littafin da aka yi wa sharhi shi ake yi wa gafaka, shi ake bar wa 'ya'ya. Ranar da fim ya samu sharhi ya tashi daga abin kashe dare ya koma abin nazari, kuma abin nazari shi ake ajiyewa.

Sauran al'adun suka biyo baya. Daga faifansu na takwas, Invasion of the Body Snatchers na 1956, Criterion suka riƙa barin hoto da faɗinsa na asali, da baƙin layi sama da ƙasa. Masu saye da yawa suka yi ta ƙorafi wai an yanke musu fim, alhali a karon farko ne aka ba su shi cikakke. Haɗin gwiwa da Janus Films, kamfanin da tun 1956 yake shigo da fina-finan Turai da Japan Amurka, ya buɗe musu rumbun Bergman da Fellini da Kurosawa.

Sai kuma lamba. Kowane faifai an buga masa lambarsa a ƙashin bayan kwali, kuma da suka koma DVD a 1998 suka sake ƙirga daga ɗaya: Grand Illusion na Jean Renoir shi ne na 1, Seven Samurai na Kurosawa na 2. Wannan 'yar dabara ta fi duk wani talla aiki. Mutumin da ke da 61 da 63 ba ya samun sukuni sai ya nemo 62, ko da bai san me ke ciki ba. Har yau masu tarawa na jayayya kan yadda za a jera kanta, wasu bisa lamba, wasu bisa darakta, wasu bisa shekara ko ƙasa. Idan izinin wani fim ya ƙare aka daina bugawa, kamar yadda ya faru da The Third Man, farashin na hannu sai ya yi tashin gwauron zabi. A 2019 suka kai lamba 1000, suka ba wa akwatin fina-finan Godzilla.

Ba a ce komai nasu daidai ne ba. Lamba 40 Armageddon ne, fim ɗin fashe-fashe na Michael Bay, abin da masu tsattsauran ra'ayi ba su yafe ba har yau. Babban zargin ya zo a 2020, lokacin da jaridar New York Times ta ƙirga ta ga cikin daraktoci sama da 400 da ke jerin, huɗu ne kawai baƙaƙen fata 'yan Amurka. Shugaban kamfanin, Peter Becker, ya amsa laifi. Mai zaɓen abin da za a kira "tsohon fim mai daraja" yana da iko babba, kuma ya daɗe yana kallon Turai da Japan kaɗai. Fina-finan Afirka irin su Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da Black Girl na Ousmane Sembène sun shiga ne bayan gidauniyar Martin Scorsese ta ɗauki nauyin gyara su. Masoyan Raj Kapoor da Amitabh Bachchan kuwa, sai su nemi wata ƙofar.

Duk da haka, kuɗin masu tarawa ne ya koya wa kamfanoni cewa rumbu dukiya ne. Wani lokaci darasin ya karkace, kamar yadda Ted Turner ya sayi rumbun MGM a 1986 ya shiga shafa wa fina-finan baƙi da fari launi, har Casablanca bai tsira ba. Hayaniyar da ta biyo baya ta taimaka wajen kafa dokar adana fina-finai ta 1988, wadda ke zaɓar fim 25 duk shekara. Wani lokaci kuma ya yi kyau matuƙa. Zaren asali na fina-finan Apu guda uku na Satyajit Ray ya ƙone a wata gobara a Landan a 1993. Ma'ajiyar fina-finai ta Academy ta adana ragowar duk da ƙunar, bayan shekara ashirin aka kai su Bologna ta Italiya, ƙwararru suka yi ta lallaɓa su da hannu, aka cike giɓi da wasu kwafi, aka sake fito da su a 2015.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. DVD ya fito a Japan a 1996, Amurka a 1997, ya kwashi sharhi da faffaɗan hoto ya kai kowane gida. Blu-ray ya kayar da HD DVD a 2008, kamfanin Funai ya daina ƙera injin VHS a 2016. Kasuwar jama'a ta koma intanet, faifai ya koma hannun irin mutanen da suka fara riƙe LaserDisc.

Kano ma ta yi nata zamanin kaset, kuma ya fi na Amurka zafi ta wata fuska. Masanin nan Brian Larkin ya rubuta yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafar fina-finan Indiya da na Amurka, kwafi daga kwafi, har hoto ya dusashe. A kan wannan hanya fim ɗin Hausa ya hau, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Bambancin shi ne Casablanca yana da zaren fim da za a koma wa, fina-finan Hausa na shekarun 1990 kuwa a kan kaset aka ɗauke su, kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura da damina. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi sa'a domin a zaren fim yake: an gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finan birnin a 2018.

Don haka duk wanda ke da kwalin tsofaffin kaset ɗin Hausa a ƙarƙashin gado ko a sito, kada ya bai wa 'yan gwangwan. Ya fito da su daga danshi, ya nemi mai injin da ke aiki a juye su a kwamfuta, ya rubuta sunan fim da shekara da 'yan wasa a jiki. Idan daraktan yana raye, a je a zaunar da shi a naɗi bayaninsa.