Kujerar Zaman Mutum Biyu a Ƙasashen Turai: Asalinta da Sunayenta

A cikin kayan ɗakin da Turawa suka gada kaka da kakanni akwai wata gajeriyar kujera mai hannuwa da majingina, wadda faɗinta bai wuce na zaman mutum biyu ba. Ingilishi suna ce da ita love seat, watau kujerar masoya. Duk wanda ya ji wannan suna zai zaci don saurayi da budurwa aka ƙago ta. Amma tarihi bai nuna haka ba, gama kujerar ta girmi sunan nan da fiye da ƙarni guda, kuma tufafi ne mafarinta. Wannan takarda za ta bi sawunta, don a ga yadda suna ya kan rufe asalin abu ga wanda bai yi bincike ba.

Asalinta

A Turai ta ƙarni na 17 wurin zama alamar daraja ne. A fadar Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda ya yi sarauta daga 1643 zuwa 1715, kujera mai hannu ta sarki ce da matarsa; manyan matan fada kuwa 'yar kujera marar majingina a ke ba su a gabansa, sauran jama'a su tsaya. Wajen ƙarshen wannan ƙarni ne masassaƙan Ingila da Faransa suka soma yin kujera mai faɗi ƙwarai saboda matan masu hali, waɗanda tufafinsu suka cika yawa da nauyi. A ƙarni na 18 abin ya daɗa ƙaruwa, don mata sun riƙa ɗaura ƙawanya a kwankwaso domin ta buɗa riga dama da hagu. Mace mai irin wannan shiga ba ta iya zama bisa kujerar da aka saba ba tare da ta takure ba. Kujerar farko ke nan ta mutum ɗaya ce da rigarsa. Sai da aka ga mutum biyu masu sauƙin tufafi suna iya zama a kanta, sa'an nan aikinta ya sake.

Salon kowane zamani

Mai son sanin shekarun irin wannan kujera, sai ya dubi itacenta da ƙafafunta da abin da aka cusa mata. A zamanin Sarauniya An ta Ingila, 1702 zuwa 1714, da itacen walnat a kan yi ta, ƙafarta a lanƙwashe kamar ta dabba. Tsananin sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnat da yawa a Turai, har Faransa ta hana fitar da shi a 1720. A 1721 kuma Ingila ta ɗauke haraji daga katakon da a ke kawowa daga ƙasashen da ta ke mulki a Amurka, sai itacen mahogani na tsibirin Jamaika ya maye gurbin. Mahogani dangin maɗacin ƙasar Hausa ne, yana da ƙarfi, yana kuma karɓar sassaƙa. Shi ne ya ba masassaƙa irin su Thomas Chippendale, wanda ya buga littafin zane-zanensa a 1754, damar yin majingina mai huje-huje, kamar an haɗa bayan kujeru biyu wuri ɗaya.

A Faransa, kujerar zamanin Luwi na 15 ba a cika samun miƙaƙƙen layi a jikinta ba, sai lanƙwasa da furanni. Da aka soma tono tsofaffin biranen Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne, Hakulaniyum a 1738 da Fomfei a 1748, sai sha'awa ta koma ga fasalin mutanen dā. Saboda haka kujerar zamanin Luwi na 16, wanda ya hau a 1774, ƙafarta miƙaƙƙiya ce mai tsaga-tsaga.

Babban sauyi ya zo a 1828, sa'ad da Samuel Pratt na Landan ya sami takardar mallakar dabarar sa sifirin a cikin kujera. Kafin nan gashin doki a ke cusawa, mazauni ya kasance siriri mai tauri. Sifirin ya sa mazauni ya yi kauri, ƙafafu suka gajarce, aka riƙa danna maɓallai don su riƙe cushen. Wannan ita ce kujerar zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901.

Sunayenta

Ga mai nazarin harshe, sunayen nan sun fi kome daɗin bincike. Kalmar sofa daga Larabci ta fito, watau suffa, dakali ko rumfa, irin wadda aka san ma'abota suffa da ita a masallacin Madina. Ta hanyar Turkanci ta shiga harsunan Turai. Kalmar Faransanci canapé kuwa tushenta sunan sauro ne da Girkanci, don asalinta gado ne mai gidan sauro. Kujerar mutum biyu Faransawa suka ce mata causeuse, daga aikatau mai ma'anar yin hira.

A zamanin Nafoliyon na 3, 1852 zuwa 1870, aka yi yayin wata iri mai siffar harafin S, mutum biyu su zauna kowa na fuskantar wajensa, kafaɗa kusa da kafaɗa, amma da hannun kujera a tsakaninsu. Ita ce a ke kira confident ko tête-à-tête, watau kai da kai. Mai mazauni uku kuma aka sa mata indiscret, marar riƙe asiri, gama na ukun yana jin duk abin da biyun ke faɗi. A Niyok wani Bajamushe, John Henry Belter, ya shahara da irin waɗannan wajen 1850, yana manna fallayen katako yana lanƙwasa su da tururi. A nan ne zancen masoya ya sami gindi: kujerar ta yarda a yi raɗa, ta kuma hana jiki taɓa jiki a gaban iyaye. Abin lura shi ne, yawancin sunayen nan na Faransanci hira su ke nufi. Na soyayya shi ne auta.

Mazauninta a gida

Wurin ajiye ta ma ya bi zamani. A manyan gidajen ƙarni na 18 a jikin bango a ke jera kujerun alfarma, har wasu ba a yi wa bayansu ado ba, tun da ba mai ganinsa. Faransawa sun rarrabe tsakanin kujerun da ke tsaye a bango da waɗanda a ke ɗauka a kai inda hira ta ke. A ƙarni na 19 kaya suka taso tsakiyar falo. Mai siffar S ma ba ta da bayan da za a jingina ga bango. Ƙananan kuwa su kan sami wuri gaban taga, ko gefen murhun ɗumama ɗaki, ko ƙarshen gado. A ƙarni na 20, da gidajen birane suka ƙanƙance, ƙanƙantarta ce ta cece ta, kamar wadda Finn Juhl na Danmak ya zana a 1941. Masu cinikin tsofaffin kaya ba su kan haɗa irin wannan da na dā ba, don a wurinsu sai abu ya cika shekara 100 ya ke zama kayan tarihi, ƙa'idar da dokar kwastan ta Amurka ta ɗauka a 1966.

Kammalawa

Kujerar ta iso ƙasar Hausa cikin jerin kujerun kushin na falo da ɗakin amarya, amma sunan masoya bai biyo ta ba. Kafintoci da masu saye tu-sita su ke ce mata, tsakanin wan-sita da tiri-sita, watau ƙidayar mazauni kaɗai aka ara. Abu ɗaya ke nan, Bafaranshe ya dubi hira ya raɗa masa suna, Baturen Ingila ya dubi soyayya, Bahaushe ya dubi yawan masu zama. Ya kamata malamin da ke koyar da kalmomin aro ya nuna wa ɗalibansa cewa suna shaida ne bisa ga mutanen da suka raɗa shi da lokacin da suka raɗa. Asalin abin kuwa, sai a neme shi a jikin itace da cikin tarihi.