TARIHIN SANA'AR GWANJO A GARINMU JOS

Jama'a, duk wanda ya tashi a Nasarawa Gwom ya san sanyin Jos ba abin wasa ba ne. Shi ne ma mafarin wannan sana'a tamu. Iyayenmu da suka hau dutsen nan aikin kuza daga Kano da Zariya da Bauchi, da 'yar taguwa suka zo. A lokacin ɗiban gwamna kuwa, daga 1942 zuwa 1944, da Turawa suka tilasta wa mutane haƙar kuza saboda yaƙin Hitila, da yawa sanyi da yunwa ne suka kashe su. To garin da yake haka, ai rigar sanyi ba ado ba ce.

Asalin kalmar gwanjo, watau sayar da kaya a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Daga baya sunan ya manne wa tsofaffin tufafin Turai. Mutanen kudu suna ce musu okirika, da sunan wani gari kusa da Fatakwal, inda aka ce nan kayan suka riƙa sauka. Inyamurai, musamman na Abiriba da Aba, su suka riƙe shigo da dila, mu kuma muka riƙe kwancewa da sayarwa.

Abin da da yawanmu ba su sani ba, yawancin kayan nan sadaka ce. A Ingila da Amurka mutum zai kai tufafin da ya gaji da su shagon ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam. Kaɗan ake sayarwa a can. Sauran sai a auna wa kamfanoni, su ware, su matse da inji, dila mai kilo 45 ko 55. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da su tun shekarun 1970, amma hanin bai hana komi ba, sai dai ya mai da hanya ta Kwatano da Lome, ya ƙara kuɗin mota da na hanya.

Da Babangida ya kawo SAP a 1986, naira ta karye, har ma'aikacin gwamnati ya fara durƙusawa yana zaɓe a Katako. Da can sai ya aiko yaro.

Aikin kuwa yana wajen kwance dila. Da asuba ake yanka ƙarfen, a zazzage, a duba wuya da hammata da zif, a ɗaga wa haske. Na ɗaya a rataye, na biyu a ninke, na uku a zube a ƙasa a yi ta kiran kuɗi. Na ɗayan nan shi ke fid da uwar kuɗi. In ya yi kaɗan, wallahi ka faɗi, kuma ba mai karɓar dilar da aka yanka. Cinikin biri a sama ke nan, shi ya sa wasu malamanmu ba su natsu da shi ba, ko da yake akan rubuta irin kaya da nauyinsu a jiki.

Sa'an nan ga jarrabawa. Babbar kasuwar Taminus da aka buɗe a 1985 ta ƙone a Fabrairun 2002. Katako ta sha wuta a rikicin Nuwamban 2008. Rufe kan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya sa dila ta yi tsada, har ƙananan 'yan gwanjo da dama a unguwarmu suka koma haɗa kuɗi mutum uku ko huɗu, su yanka guda ɗaya su raba.